Robo ba mutum-mutumi ba ne

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a ɗakunan malamai, tun daga Damagaram har Tawa: wai Hausa harshen kasuwa ce da hira, in an zo fagen kimiyya sai ta ja gefe ta ba Faransanci wuri. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da kalmar «robotique», su ce a faɗe ta da Hausa in an isa. Wasu kuma, saboda kishin harshe, sai su yi wuf su amsa da «ilimin mutum-mutumi». Da mai tambayar da mai amsar duk sun kauce hanya, kuma dalilinsu ɗaya ne: babu wanda ya tsaya ya bi salsalar kalmar.

Da farko dai, «robot» ba Faransanci ba ce, ba kuma Ingilishi ba. Kalma ce ta harshen Cek, a tsakiyar Turai, kuma a dandalin wasan kwaikwayo aka haife ta. A shekarar 1920 marubuci Karel Capek ya wallafa wani wasa mai suna R.U.R., aka nuna shi a birnin Prag a farkon 1921. Wasan yana ba da labarin wata masana'anta da ke ƙera ma'aikata marasa rai na ɗan Adam, tana sayar da su da araha don su yi aiki a madadin mutane, har ranar da suka yi tawaye suka hallaka iyayengijinsu. Capek ya so ya raɗa musu suna daga kalmar Latin mai nufin aiki, amma sunan bai kwanta masa ba. Yayansa Josef, wanda mai zane ne, shi ya ba shi shawarar «robot».

Josef bai ƙago ta daga iska ba. A harshensu akwai tsohuwar kalma «robota», wato kwanakin aikin dole da talaka ke yi a gonar mai ƙasa ba tare da lada ba, al'adar da ba a soke ta a can ba sai a 1848. Bahaushe bai buƙatar dogon bayani kafin ya gane wannan. Ya san bambancin gandu da gayauna, ya san yadda bawa ke noma gandun ubangidansa kafin ya samu damar duba tasa. Ya kuma san aikin tilas na zamanin mulkin mallaka, da fasa hanyoyi da dakon kaya, wanda dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta haramta a 1946. Ashe kalmar da ake tsorata ɗalibai da ita, a asalinta kalmar manoma ce, mai warin gumi da ƙasa.

Sunan fannin ilimin kuwa, labarinsa ya fi haka ban mamaki. Isaac Asimov, wani saurayi ɗan shekara 21 mai rubuta ƙagaggun labarai a Amurka, shi ya fara amfani da «robotics» cikin wani gajeren labari da ya fito a 1941. Ya ɗauki kalmar Capek ya liƙa mata ɗafa-ƙeyar da Ingilishi ke sa wa sunayen fannonin ilimi, yana zaton kalmar tana nan tun da can. Sai daga baya ya gane shi ne ya ƙirƙiro ta. Faransanci ya aro ta ya mayar da ita «robotique». Wato sunan ya riga abin zuwa duniya: sai a 1961 aka girka robo na farko na masana'antu, mai suna Unimate, a wata masana'antar motoci ta General Motors a jihar New Jersey.

To, ina hujjar masu cewa Hausa ba ta isa ba? Kalmar da suke tinƙaho da ita aro ce a kan aro, mai zane ya ba da tushenta, mai rubuta labari ya ƙarasa ta. Hatta «ordinateur» da suke ganin kamar da ita aka halicci Faransanci, wani malamin jami'a, Jacques Perret, ya ba kamfanin IBM shawararta a 1955, «informatique» kuma ta biyo baya a 1962. Akwai dattawa a Maraɗi da suka girmi waɗannan kalmomi. Babu harshen da aka haifa da kalmomin kimiyya a baki. Masu shi ne ke zama su ƙera, ko su aro su gyara.

Sai dai masu «mutum-mutumi» ma ba su tsira ba. A Hausa mutum-mutumi shi ne abin da aka siffanta da mutum: na gona da ake sa wa tsumma don korar tsuntsaye, ko wanda aka sassaƙa aka kafa a dandali. Siffa gare shi, ba ya aikin komai. Robo kuwa da aiki aka san shi. Unimate hannu ne guda na ƙarfe mai ɗauko narkakken ƙarfen da aka zuba a ma'auni yana jerawa, ba kai, ba ƙafa, ba fuska. Akasarin waɗanda ke aiki a masana'antun duniya haka suke. Za a ce ai na cikin wasan Capek kamar mutane suke. Gaskiya ne, amma duk da haka da aikinsu aka kira su, ba da kamanninsu ba, kuma kama da wane ba ta wane. Yaron da aka koya wa «mutum-mutumi» zai tashi yana neman mutumin ƙarfe irin na silima, ya wuce injin gaske bai gane shi ba.

Mafita a fili take. Harshen da ya karɓi mota da lakwal da kwamfuta ya lanƙwasa su yadda bakinsa ke so, ba zai kasa karɓar «robo» ba. Abin da Faransanci ke yi da ɗafa-ƙeya, Hausa tana yin sa da kalmar «ilimi», kamar yadda ake cewa ilimin taurari. Saboda haka «ilimin robo» ya wadatar: fannin tsara na'urori masu aiki da kansu bisa umarnin da aka ɗora musu, da ƙera su, da sarrafa su. Wanda ke gudun aro ya tuna ita kanta «ilimi» daga Larabci ta zo.

Lamarin ya wuce gardamar malamai. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa. Kalmar da ta shiga littafin aji da kuskure takan shekara da shekaru ba ta fita ba. Ya kamata malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su tsayar da suna ɗaya, su kuma koyar da shi tare da tarihinsa. Ɗalibin da ya san cewa robo daga aikin dole ya samo suna, ranar da aka ce masa inji zai maye gurbin leburori, zai san tambayar da ta dace: gandun wa za a noma, wa kuma zai ci amfanin?