Suna linzami, har a hoton tauraron ɗan'adam

Hoton da tauraron ɗan'adam ke ɗauka falle-falle ne a jere. Kowane falle na riƙe da nau'in hasken da ƙasa ta mayar sama: shuɗi, kore, ja, da wani mai maƙwabtaka da ja wanda ido ba ya gani. Da ja da wannan ɓoyayyen haske ake lissafa ma'aunin NDVI, wanda masana ke duba lafiyar amfanin gona da ciyawar kiwo a Sahel da shi.

Matsalar tana somawa ne lokacin da mai rubuta umarnin kwamfuta ya yanka hoton, ya adana shi, sunayen suka zube, sai lambobi kawai suka rage. Lamba kuwa ba ta da amana. A Landsat 7, ja shi ne falle na 3, ɓoyayyen hasken na 4. A Landsat 8, wanda aka harba a 2013, sun koma na 4 da na 5. Wanda ya ɗauki tsohon lissafi ya ɗora wa sabon hoto zai auna kore da ja, kwamfuta ba za ta yi gardama ba, gona mai yabanya ta fito a taswira tamkar fako.

Da irin wannan taswira ake yanke shawarar inda za a kai tallafi. Saboda haka wajibi ne ma'aikaci ya rubuta sunan kowane falle cikin fayil ɗin GeoTIFF, ya sake buɗe shi ya tabbatar, sannan umarninsa ya kira falle da sunansa. Hukumar da ke karɓar aikin ita ma ta ƙi duk fayil ɗin da ya zo ba suna.