Kimiyyar harshe ba ƴar rakiya ba ce

A jami'o'inmu, ɗalibin tarihi ko na faransanci da ya ce zai haɗa da kimiyyar harshe a matsayin fanni na biyu, dariya ake yi masa. Wai ɓata lokaci ne, wai ba ta kai mutum ga albashi. Abin takaici, yawancin masu wannan magana alli za su riƙe gobe, su riƙa ɗora wa yara laifin da ba nasu ba.

Ku duba, ƴan'uwana malamai. Yaro ya rubuta « la soleil », mushe ya zabga masa jan biro. Da mushen ya yi ko da shekara guda yana nazarin harshe, da ya tuna cewa a hausa rana mace ce, wata namiji, faransanci kuwa ya juya su. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne, nahawun gidansu ya bi. Haka in ya ce « bélo » maimakon « vélo »: hausa ba ta da v, kuma ba ta raba p da f. Ciwo ne mai magani, amma bulala ba ta cikin maganin.

Hausar kanta fa? Karin sauti ne ya raba kukar miya da kukan jariri, tsawon wasali ya raba garin tuwo da garin Maraɗi, kuma rubutunmu ba ya nuna ko ɗaya. Wanda bai san haka ba, ta yaya zai koya wa yaro karatu?

Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai harshe biyu a Damagaram. A 1999 aka tsayar da ƙa'idojin rubutu, a 2001 doka ta amince da harsunan ƙasa goma, a 2025 aka ɗaga hausa ta zama harshen ƙasa. Takardu dai sun cika akwati. To, wa zai shiga aji? Sashen kimiyyar harshe na Jami'ar Abdu Mumuni ba zai iya ba kowace makaranta gwani ba, kuma ba gwanin ake nema ba. Malamin lissafi ake so wanda zai iya fassara darasinsa ba tare da kame-kame ba.

Saboda haka muna kira ga jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa: duk ɗalibin da ya nufi koyarwa, a wajabta masa wannan fanni, makinsa kuma ya shiga lissafin lisansi.