Sharhi: An hana sayar da jakuna waje, tsutsar ciki kuma na cinye su a gida

A shekarar 2016 gwamnatin Nijar ta haramta fitar da jakuna zuwa ƙasashen waje, bayan da 'yan kasuwa suka yi ca a kansu saboda fatarsu, wadda ake sarrafa magani da ita a China. A watan Fabrairun 2024 kuma shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da hana yanka jakuna don fata a taronsu na Addis Ababa. Matakan biyu sun yi daidai. Sai dai jakin da ya tsira daga wuƙa yana fama da wata cuta da ba a cika maganarta ba, wato tsutsar ciki.

A Yamai, jakuna ne ke jan amalanken itace, yashi, ruwa da shara, daga kasuwar Katako har zuwa Harobanda. Gidaje da yawa da su suke ci. Jaki na kwasar tsutsa ne daga ciyawar da kashi ya gurɓata, musamman da damina, lokacin da laima ke sa ƙwayayenta su ƙyanƙyashe. Wata irin tsutsar tana kutsawa cikin jijiyoyin jinin hanji ta haddasa ciwon ciki mai kisa. Wanda ke kiwo a fadamun bakin kogi kuma yana iya kamuwa da tsutsar hanta, wadda katantanwa ke yaɗawa.

Matsalar ita ce jaki dabba ce mai ɓoye ciwo. Yakan rame, gashinsa ya tashi, ƙarfinsa ya ragu, mai shi ya ɗauka taurin kai ne ya ƙara masa sanda. Kafin a gane, kuɗin shigar gidan ya ragu, sayen wani jakin kuma ba ƙaramin aiki ba ne.

Magunguna irin su ivermectin suna nan, kuma ba su kai kuɗin sabon jaki ba ko kusa. Amma sayen na bakin titi, ko ba da shi ƙasa da ƙima, yana sa tsutsa ta daina jin magani.

Gangamin rigakafin dabbobi na kowace shekara ya fi karkata ga shanu, tumaki, awaki da raƙuma. Lokaci ya yi da ma'aikatar kiwo za ta saka jakuna a ciki. Ɗakin binciken dabbobi na ƙasa, LABOCEL, da Jami'ar Abdou Moumouni duk suna Yamai, su ya kamata su auna kashin jakunan birnin su fitar da alƙaluma. Hukumar birnin kuma ta ware ranakun duba jakuna a kasuwannin dabbobi irin su Turaku.

'Yan ci-rani da ke aiko da kuɗi gida su ma suna da rawar takawa. Idan akwai jaki a gida, a ware wani abu don kai shi wurin likitan dabbobi kafin damina da bayanta.