Kafin ka ɗora Asterisk, tambayi wa zai riƙe Linux ɗin nan da shekara biyar

Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa a Landan, Manchesta ko New York ya san dokar nan: da zarar an ga kana taɓa kwamfuta, shi ke nan, ka zama injiniyan dangi. Yau wayar Hajiya ce ta ƙi kamawa, gobe firintar shagon Kawu. Ana nan sai a ce maka shago na son lamba ɗaya da za ta riƙa ringin a wayoyi uku, ko ƙungiyar 'yan gari na son layin da zai ce "danna 1 don sakatare". A Ingila ma maganar ta ƙara zafi, tunda BT ta tsayar da Janairun 2027 don rufe tsohon layin wayar gida, kowa ya koma kira ta intanet.

Idan ka ɗan yi bincike za ka faɗa kan Asterisk, manhajar da Mark Spencer ya fara rubutawa a 1999, wadda ke mayar da kwamfuta ta zama ƙaramar musayar waya. Kyauta ce, kuma a buɗe take ga mai son gyarawa. Yawanci ana haɗa ta da FreePBX, wato shafin da kake shiga ta burauza ka saita layuka ba sai ka rubuta komai da hannu ba. To amma su biyun galibi a kan Linux suke zama, kuma Linux ɗin nau'i-nau'i ne. Nan ne gardama take.

Ni dai ra'ayina a fili yake: ka ɗora a kan Debian. Ba wai don ya fi sauri ba. Shagon da ke da wayoyi biyar ko goma ba zai taɓa jin bambancin sauri tsakanin Debian da Ubuntu da Rocky ba, muryar Kawu iri ɗaya za ta fito. Abin da ya kamata ka duba shi ne wa ke riƙe da nau'in, har yaushe zai ci gaba da aiko da gyaran tsaro, kuma zai iya wayar gari ya canja ra'ayi ko kuwa.

Tarihin wannan harka ya isa darasi. A shekarun 2000 kowa trixbox yake yi, wanda asalinsa Asterisk@Home ne. Kamfanin Fonality ya ɗauke shi, daga baya aka daina sabunta na kyautan. Mutane da yawa suka koma Elastix. A 2016 Elastix ya faɗa hannun 3CX, suka cire Asterisk suka sa tasu manhajar da ba buɗaɗɗiya ba, sai da wasu masu amfani da shi suka kwashi tsohon aikin suka ci gaba da shi da sunan Issabel.

Babbar girgizar kuwa ta CentOS ce, domin kusan duk waɗannan fakitoci a kansa aka gina su, har da na FreePBX kansa. IBM ta sayi Red Hat a 2019 kan dala biliyan 34. A Disambar 2020 Red Hat ta sanar cewa CentOS 8, wanda aka yi wa alkawarin tallafi har 2029, zai tsaya a ƙarshen 2021. Shekara takwas fa aka yanke, da sanarwa ɗaya. CentOS 7 shi ma ya kai ƙarshensa ranar 30 ga Yunin 2024. Duk wanda ya bar wayoyinsa a kai daga ranar, ba sauran gyaran tsaro daga CentOS. Sangoma, kamfanin da ke riƙe da FreePBX tun 2015 da Asterisk tun 2018, da ya tashi fitar da FreePBX 17 a 2024 sai ya koma Debian 12. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai shafa wa naka ruwa kake yi.

Me ya bambanta Debian? Tun 1993 yake, kuma ba mallakin wani kamfani ba ne. Masu aikin sa kai ne ke tafiyar da shi, su ke zaɓen shugabansu duk shekara. Babu masu hannun jari da za su ce na kyauta yana cinye musu ciniki. Sabuwar siga na fitowa kusan duk shekara biyu, kowace kuma tana samun tallafi na kimanin shekara biyar idan aka haɗa da na dogon zango. Debian 12 ya fito a Yunin 2023, Debian 13 a Agustan 2025. Ana yi masa tsiya wai kayansa tsofaffi ne. To sai me? Wayar shago ba wurin gwajin sabon abu ba ce, da tsohuwar zuma ake magani.

Na san 'yan Ubuntu za su ce haba, ai namu ma shekara biyar ne, kuma bayaninsa ya fi yawa a intanet. Gaskiya ne, kuma in Asterisk zalla za ka ɗora, Ubuntu LTS ba laifi. Sai dai shi ma kamfani ɗaya ne, Canonical, ke yanke hukunci a kansa. Masu Rocky Linux da AlmaLinux su ma suna da hujja, shekara goma suke bayarwa. Amma daga aikin Red Hat suke kwafa, kuma a 2023 Red Hat ta ƙuntata hanyar samun lambobin manhajarta, dole kowannensu ya nemi dabara. Debian ma ba tsarkakakke ba ne: babu Asterisk a rumbun Debian 12, sai dai ka ɗauko daga wajen Sangoma ko ka harhaɗa da kanka. Don haka kafin ka fara, duba sigar Debian ɗin da FreePBX ke nema a ranar, ita za ka ɗora, ba wadda ta fi sabunta ba.

Kar wani ya ɗauka wannan surutun 'yan kwamfuta ne kawai. Kuɗi ne a ciki. Duk uwar garken da ta buɗe ƙofa ta 5060 ga intanet, na'urorin ɓarayi na ƙwanƙwasa ta dare da rana suna gwada kalmar sirri. In suka shiga, sai su kwana suna buga lambobin ƙasashen waje masu tsada, galibi a ƙarshen mako da ba kowa a ofis, bil ɗin kuma kan mai layin yake sauka. Ka tuna mutanenmu dama suna kiran Kano da Yamai da Kumasi, saboda haka kiran waje a buɗe yake a layinsu, abin da ɓarawo ke nema ke nan. Tsarin da aka daina yi wa gyara ƙofa ce mara sakata. Sa fail2ban, rufe ƙasashen da ba a kira, ka kuma roƙi kamfanin layinku ya sa iyakar kuɗin da za a iya kashewa a rana.

Asterisk ɗin ma yana da nasa kalanda. Sigogin dogon zango su ne irin 18, 20 da 22, suna samun shekara biyar. Tun siga ta 21 a 2023 aka cire tsohon chan_sip, sai PJSIP, don haka in ka ga bayanin da ke koyar da sip.conf, ka san ya kwana biyu.

Sai abu na ƙarshe, wanda mu matasa ba mu cika so mu ji ba. Kai da ka haɗa wayar nan ba za ka dawwama a gidan ba. Jami'a za ta ɗauke ka, ko aiki a wani gari, ko aure. Ƙanwarka ko wani yaron ƙungiya ne zai gaji akwatin. In ka ɗora wani nau'in da kai kaɗai ka iya don a ce ka ƙware, wahala ka bar musu. Rubuta sigar da ka ɗora, shekarar da tallafinta zai ƙare, da inda ka ajiye kwafin saituna, ka liƙa a jikin akwatin. Ranar da waya ta mutu kana wani gari, takardar nan za ta fi duk wata gwaninta da ka nuna amfani.

Masu Ubuntu da Rocky, filin naku ne, a turo martani mu buga a fitowa ta gaba.