Kwamin kifi a tsakar gida: jarin da mai sayen gida ba ya biya

A ƙarshen daminar bara na raka wani yayana duba gida a wata unguwa da ke wajen birnin Kano. Dillali ya zagaya da mu ɗakuna, ya nuna mana rijiyar burtsatse, sannan ya ja mu bayan gida yana murmushi irin na wanda ya ɓoye tsaraba. "Alhaji, ga kwamin kifi har biyu, jari ne a ajiye," in ji shi. Yayana ya leƙa ciki. Ruwan sama ne kore shar, ledoji na yawo a kai. Tambaya ɗaya ya yi: nawa za a kashe a fasa su? Da aka yi masa ƙiyasi, sai ya cire kuɗin daga tayinsa.

Tun daga ranar nake son rubuta wannan, domin maganar dillalin ba tasa ba ce shi kaɗai. Masu koyar da kiwon kifi suna yin ta, magina suna yin ta, masu ritaya da suka karɓi garatuti suna gaya wa junansu ita: gina kwami a gida, ka ci riba yau, ranar sayarwa kuma gidan ya ƙara daraja. Rabin farko na maganar yana iya zama gaskiya ga wanda ya iya sana'ar. Rabi na biyu ruɗi ne.

A fara da lissafin da ba a cika yi ba. Kwami mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, da ruwa mai zurfin mita 1, yana ɗaukar lita 12,000. Jarka 480 ke nan ta mai lita 25, nauyinsa kuma tan 12. Saboda ƙarancin fili, a jikin katanga ake gina shi, wani lokaci ma katangar ce bangonsa na huɗu. Siminti kuwa yana tsagewa, musamman idan aka yi rowar rodi, ko aka bar kwamin ba ruwa a zafin Maris da Afrilu, lokacin da rana ke kai maki 40 a Kano. Tsaga kamar gashi ta isa. Ruwa ya riƙa tsatsafowa a hankali, ƙasar harsashi ta yi laushi, bulo ya sha danshi, filasta ta kumbura, wani farin gishiri ya feso a gindin bango. Mai gida ya sake fenti, bayan wata uku tabon ya dawo. Wanda ya san gini, gindin bango yake fara kallo kafin ya kalli tayil ɗin falo.

Ruwan kuma ba a zuba shi sau ɗaya a huta. Tarwada tana ci da yawa, kashinta da ragowar abinci suna ɓata ruwa da sinadarin amoniya, don haka idan ta girma dole a riƙa sauya ruwan duk bayan 'yan kwanaki. Injin burtsatse ba ya aiki da fatan alheri. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kunna janareta ya zama abin shawara, kuma a Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar masu rukunin A naira 225 kowane ma'auni. Ga abincin kifi, wanda shi ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwon. Wannan ne ya sa mutane da yawa suke yin zagaye biyu ko uku su haƙura.

Ruwan da aka fitar fa, ina yake zuwa? Kwata, daga nan lambatu, idan akwai shi. A unguwannin da ba a yi magudanar ruwa ba, layi yake malalewa, da ƙarninsa, ya bi ƙofar maƙwabci. Na ga zumuncin shekaru ya lalace a gaban mai unguwa a kan wannan. Mai saye mai hankali kuwa yakan tambayi maƙwabta kafin ya biya, kuma maƙwabcin da ya sha ƙarni shekara biyu ba zai rufa wa gidan asiri ba.

A yi adalci a nan: kwamin da kifi ke ciki ba matattarar sauro ba ne, domin kifin na cinye tsutsarsa. Matsalar tana farawa ranar da aka daina kiwo. Ruwan damina ya taru, kuma kwana 10 kan ishi ƙwan sauro ya zama mai cizo. Ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke lissafa mata kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya ba ta buƙatar ƙarin rami a tsakar gida. Akwai kuma abin da ya fi sauro: ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 5 suna cikin waɗanda nutsewa a ruwa ta fi halakawa, kuma ruwan da bai kai gwiwa ba ya isa. Gidan Bahaushe ba ya rabuwa da yara, na gida da na maƙwabta. Duk uwar da ta shigo duba gida ta ga buɗaɗɗen kwami ta gama yanke hukunci, ko da mijinta ne zai yi ciniki.

Kakanninmu sun haƙa ƙasa sun gina Kano, suka bar mana kududdufai da har yau ake fama da cike su. Su aƙalla gidaje suka samu daga ramin. Mu da kuɗinmu muke gina kududdufi a cikin gida.

Abin da dillali bai faɗa ba shi ne mai saye fili yake nema. A fuloti mai ƙafa 50 da 50, mita 12 murabba'i wurin ɗaki guda ne, ko wurin ajiye mota, ko wurin shanya da ɗora tukunyar suna. Cikin masu taya gida, kaɗan ne masu niyyar kiwon kifi, kuma shi ma wannan ɗin ya fi son ya gina nasa yadda ya sani. Sauran kuwa lebura suke hangowa da guduma, da tifar kwashe ɓaraguzai, da tifar ciko. Idan gidan gado ne abin ya fi muni: mai ƙiyasi ba zai sa wa kwami farashin abin da aka kashe masa ba, magada kuma babu mai son rabonsa ya faɗa kan rami.

Za a ce mini mutane na neman abin rufin asiri, kuma tarwada tana isa kasuwa cikin wata huɗu zuwa shida. Haka ne, kuma ba kiwon nake suka ba. Zuba kankare nake suka, alhali akwai kwamin tamfol mai firam da tankin roba, waɗanda ake kafawa nesa da bango, a naɗe su a sayar idan sana'ar ta ƙi, ko a tashi da su idan an tashi. Wanda kiwonsa ya bunƙasa har ya fi ƙarfin tamfol, gona ta kamace shi, inda ruwan da ya fitar zai zama taki ga kayan lambu.

Yayana dai ya sayi gidan. Leburori uku sun yi mako guda suna fasa kwamin, kuma da aka kwashe ɓaraguzan sai aka tarar gindin katangar baya ya ruɓe, dole aka rushe ta aka sake. Wannan bai shiga cikin abin da ya rage daga tayinsa ba.