Kafin Maitama Ta Zama Unguwar Manya

Duk wanda ya zaga Maitama a yau zai ga ofisoshin jakadanci da manyan gidaje, da tituna masu sunayen kogunan duniya irin su Nilu da Amazon da Misisifi. Amma idan ya tambayi ɗalibin da ke zaune a unguwar su wane ne suka fara noma wannan ƙasa, da wuya ya sami amsa.

Asalin Maitama ƙauyen Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa. A shekarar 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta zaɓi wannan yanki domin gina sabon babban birnin tarayya, kuma a 1991 gwamnati ta taso daga Legas. Domin a sami filin gini, an tashi mutanen Maitama, an mayar da su Kubwa. Sun tafi da kayansu, sun bar gonaki da kaburburan kakanni. Abin da ya rage na tarihin ƙauyen yana bakin tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Al'adun Gbagyi abin a sani ne. Matansu a kafaɗa suke ɗaukar kaya, domin a wurinsu kai shi ne sarkin jiki, bai kamata a ɗora masa nauyi ba. Sun kuma gwanance wajen ginin tukwane. Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, a ƙauye ta koyi wannan sana'a tun tana yarinya.

A ganina, ɗalibai ne suka fi dacewa da aikin adana wannan gado. An taɓa yin haka a ƙasar Ayilan da ke Turai. Tsakanin 1937 da 1939, yara fiye da 50,000 daga makarantun firamare 5,000 sun zauna da iyaye da kakanni da maƙwabta, sun rubuta tatsuniyoyi da camfe-camfe da magungunan gargajiya da tarihin ƙauyukansu. Har yau ana karanta littattafan da suka cika.

Wasu za su ce yawancin abin da tsofaffi ke faɗi camfi ne, bai dace da makaranta ba. Sai dai rubuta camfi daban, gaskata shi daban. Wanda ya san dalilin da ya sa Bagwariya ba ta ɗora kaya a ka, zai daina yi mata dariya, ya fara girmama ta.

Saboda haka, ya kamata makarantun Abuja su riƙa kai ɗalibai Kubwa da Ushafa da Kwali, da littafi da alƙalami. Su gaida dattawa, su nemi izini, su tambayi sunayen duwatsu da rafuka, da yadda ake biki da suna da girbi, sa'an nan su rubuta da Gbagyi da Hausa. Hausawa sun ce tushiya mafarin dawa. Dattijon da aka haifa a tsohuwar Maitama kafin 1976 yana nan da ransa a yau, amma ba zai jira mu har abada ba.