Kafin a Sayar da Tunkiya

Ana jibi Sallah, wani matashi a Tsanyawa ya shaida mini zai sayar da tunkiyarsa ya sayo fitilun hoto a Sabon Garin Kano, don fuskoki na fita dishi-dishi a zauren da yake ɗauka. Na ce ya dakata.

Tagar da rana ba ta duka kai-tsaye tana ba da haske mai laushi kyauta. A zaunar da mutum gefenta, a jingina farin kwali a ɗaya ɓangaren, ya mayar da hasken kan fuskar. Da dare, ƙwan sola biyu bayan farin alawayyo sun wadatar, muddin ba a haɗa fari da rawaya ba.

Tunkiya kuwa a bar ta ta haihu. In sana'ar ta kankama, 'ya'yanta sa sayi fitilun.